Peter Ward da tsuntsun jan-baki: binciken da ya shafi gonakin dawa daga Tafkin Chadi zuwa Sudan

Peter Ward masanin tsuntsaye ne ɗan Birtaniya wanda ya shafe mafi yawan shekarun aikinsa yana nazarin tsuntsu guda, wato jan-baki, kafin rasuwarsa a 1979. Ya fara binciken a arewa maso gabashin Najeriya, a yankin Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1960. Abin da ya gano a can ya sauya fahimtar da masana da hukumomin aikin gona ke yi wa wannan tsuntsu a duk faɗin Afirka, har da Sudan, inda hukumar kare amfanin gona ta ƙasa, mai hedikwata a Khartum Bahri, ta sa shi a jerin manyan annobar gona tare da fara.

Taƙaitaccen sakamakon aikinsa shi ne: jan-baki ruwan sama da ƙwayar ciyawa yake bi, gona kuwa wuri ne da yake faɗawa a wasu makonni sanannu na shekara. Saboda haka kashe shi da yawa ba ya rage yawansa na dindindin. Abin da ke ceton amfani shi ne a san lokacin da zai zo da inda zai sauka. Wannan magana ta shafi manoman Hausawa na Maiurno da Jazira da Gadarif kamar yadda ta shafi ƴan'uwansu na Haɗejiya, Diffa da Yagoua.

Wane tsuntsu ne jan-baki

A kimiyyance ana kiransa Quelea quelea. Larabawan Sudan na ce masa zarzur, a ƙasashen renon Faransa kuma an fi saninsa da mange-mil, wato maci-gero. Ɗan ƙarami ne daga dangin tsuntsaye masu saƙa sheƙa, tsawonsa kimanin santimita 12, nauyinsa kuma yakan kama daga giram 15 zuwa 26. A lokacin haihuwa fuskar namiji takan yi baƙi, wasu kuma fari, bakin mace kuwa ya rikiɗe daga ja zuwa rawaya.

Masana sun kasa shi gida uku. Akwai na yammacin Afirka daga Senegal zuwa Chadi, akwai na Sudan da Habasha da gabashin Afirka, sannan akwai na kudancin nahiyar. An ƙiyasta cewa bayan kakar haihuwa yawansu yakan kai biliyan 1 da rabi, abin da ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Ƙiyasin da hukumomin gona suka fi amfani da shi ya nuna tsuntsu ɗaya na iya salwantar da kusan giram 10 na hatsi a rana. A wannan lissafi, garke mai tsuntsaye miliyan 2 zai lashe tan 20 tsakanin safiya da maraice. Ya fi son hatsi mai ƙananan ƙwaya: gero, dawa, shinkafa da alkama, musamman lokacin da ƙwayar ke da ruwan madara.

Kafin zamanin Ward, hukumomin mulkin mallaka da gwamnatocin da suka gaje su sun ɗauki matsalar a matsayin yaƙi. An yi amfani da nakiya, da bindigar feshin wuta, da ƙona itatuwan da ya yi sheƙa a kai, daga baya kuma aka koma feshin guba da jirgin sama. An kashe miliyoyi barkatai, shekara ta zagayo kuma garken ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Tambayar da ba a amsa ba ita ce dalilin hakan.

Abin da ya gano a Tafkin Chadi

Hanyar binciken Ward ba ta da tsada, sai dai tana son haƙuri. Wata bayan wata yana kama tsuntsaye, yana auna nauyinsu da kitsensu, yana buɗe maƙoƙonsu ya ƙirga irin ƙwayoyin da suka ci. A 1965 ya wallafa manyan maƙaloli biyu a Ibis, mujallar ƙungiyar masana tsuntsaye ta Birtaniya, ɗaya kan abincin jan-baki a Najeriya, ɗaya kan yadda yake haihuwa.

Maƙalar farko ta nuna cewa ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce mai fitowa da damina ta mutu da rani, irin su shinkafar daji da dawar daji da ƙananan ciyayin fadama. Duk tsawon rani tsintar wannan ƙwaya yake yi a ƙasa, musamman a baƙar ƙasar laka da ke kewaye da tafkin. Yayin da rani ke nisa ƙwayar na raguwa, garkuna kuma suna ƙara haɗuwa a wuraren da ke da ruwa da saura abinci.

Lokacin da ya fi masa tsanani, a binciken Ward, shi ne farkon damina. Da zarar ruwa ya sauka sosai, ƙwayar da ke kwance a ƙasa sai ta tsiro cikin ƴan kwanaki. A idon mutum daji ya yi kore shar, a wurin jan-baki kuwa rumbu ne ya ƙare dare ɗaya, domin sabuwar ciyawa ba za ta yi ƙwaya ba sai bayan kimanin makonni shida. A wannan tsakani yakan dogara da shinge da ke fitowa bayan ruwan farko da sauran ƙwari, ya tara kitse, ya bar yankin. Waɗanda suka kasa samun abin da zai kai su, yunwa ke kashe su.

Maƙala ta biyu ta bayyana saurin haihuwarsa. Dubban ɗaruruwa ne ke sauka tare a dajin ƙaya, maza su saƙa sheƙa cikin kwana biyu zuwa uku, mata su saka ƙwai, galibi uku. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 9 zuwa 10, ƴaƴan su bar sheƙa bayan kamar mako biyu. Kusan duk mazauna wurin a lokaci guda suke yin komai, kuma daga saƙar sheƙa zuwa watsewa bai fi mako shida ba. Wannan ne ke ba shi damar mayar da asarar da feshi ya yi masa cikin damina ɗaya.

Taswirar ƙaura ta 1971

Bayan wasu shekaru yana koyarwa da bincike a jami'ar Singapore, Ward ya koma kan jan-baki a ƙarƙashin cibiyar Birtaniya da ke Landan mai binciken ƙwari da tsuntsaye masu ɓarnar amfanin gona a ƙasashen waje. A 1971 ya fitar da maƙalar da ta haɗa nahiyar gaba ɗaya, inda ya bayyana tafiyar tsuntsun bisa tafiyar ruwan sama.

A Sahel damina daga kudu take tasowa ta yi arewa. Idan ruwa ya isa inda jan-baki ya yi rani, sai ya tashi ya nufi kudu, ya tsallake yankin da ruwan bai daɗe da sauka ba, ya kai inda aka fara ruwa makonni da suka wuce, ciyawa har ta yi sabuwar ƙwaya. Garkunan Tafkin Chadi kan yi tafiyar kilomita 300 zuwa 600 a watannin Yuni da Yuli, har kwarin kogin Binuwai. Bayan kamar mako shida sai su juyo arewa, suna bin ciyawar da ke nuna a gabansu, su tsaya su yi sheƙa inda suka tarar da ɗanyar ƙwaya da fara da tsutsotsin da za su ciyar da ƴaƴa.

Ward ya kuma yi hasashen cewa iyaye kan bar ƴaƴan da suka tashi, su ƙara gaba su sake haihuwa a wani wuri cikin damina ɗaya. Bai rayu ya ga cikakkiyar shaidar hakan ba. A 1986 Michael Jaeger da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji a Habasha, inda suka fesa wa tsuntsayen wani dajin sheƙa garin launi mai ƙyalli, daga bisani suka same su suna sake haihuwa a wani wuri mai nisa.

Wannan bayani ya warware wani abu da manoma suka daɗe da lura da shi. Ƙananan da iyaye suka bari ba su ƙware wajen neman abinci a daji ba, kuma tashinsu yakan zo daidai da nunar gero da dawa. Su ne ke yin kaso mai yawa na ɓarnar ƙarshen damina. Tare da Peter Jones kuma, a 1976, Ward ya nuna cewa yawan furotin da mace ta tara a tsokar ƙirjinta shi ke ƙayyade lokacin da za ta fara saka ƙwai da adadin da za ta saka.

Makwanci wurin jin labari

Gudummawar Ward da ta fi yaɗuwa a jami'o'in duniya ta fito ne daga kallon makwancin jan-baki. Da magariba miliyoyi kan taru a ƙaya ko a ciyawar fadama su kwana, da asuba su watse rukuni-rukuni. Tun a 1965 ya yi tunanin cewa tsuntsun da ya wuni bai sami abinci ba yakan bi waɗanda suka ƙoshi idan gari ya waye. A 1973 shi da Amotz Zahavi na jami'ar Tel Aviv suka faɗaɗa wannan tunani a wata maƙala a Ibis, suka ce makwancin taro a tsuntsaye da dama wuri ne na samun labarin inda abinci yake.

Maƙalar ta haifar da gwaje-gwaje na shekaru. A 1980 Peter de Groot ya gwada jan-baki a keji mai ɗakuna, ya ga waɗanda ba su san inda aka ajiye abinci ko ruwa ba suna bin waɗanda suka sani. A 1986 Charles Brown ya sami irin wannan hali a wasu tsattsewa masu sheƙa a taro a jihar Nebraska ta Amurka. A 1996 John Marzluff da Bernd Heinrich da Colleen Marzluff suka nuna shi a manyan hankaki a jihar Maine. Akwai kuma masu suka. Douglas Mock da abokansa a 1988, da Heinz Richner da Philipp Heeb a 1995, sun ce shaidar ba ta kai ta ce neman labari ne asalin abin da ya sa tsuntsaye ke taruwa ba, tunda tsoron shaho da sanyin dare ma dalilai ne. Muhawarar ba ta mutu ba, kuma har yau ɗaliban halayyar dabbobi na karanta maƙalar ta 1973.

Shawararsa ga masu feshi

A 1973 da kuma 1979 Ward ya rubuta kai tsaye ga hukumomin yaƙi da tsuntsun. Hujjarsa ta lissafi ce. Kowace shekara jan-baki na haihuwar fiye da abin da daji zai iya ciyarwa, kuma yunwar ƙarshen rani da farkon damina na kashe rarar. Wanda ya fesa guba a makwancin da ke nesa da gona a tsakiyar rani, yawanci waɗanda yunwa za ta ɗauke ne ya kashe, ya kuma rage wa sauran gasar abinci. Ga shi tsuntsun ba ya sanin iyakar ƙasa: wurin da aka share yau, garke daga maƙwabta zai cike shi.

Ya ba da shawarar a daina burin ƙarar da shi, a mayar da hankali kan kare amfani. A kai farmaki ga makwanci ko dajin sheƙa ne kawai idan yana kusa da gonar da hatsinta ke gab da nuna. A daidaita lokacin shuka, musamman a gonakin ban-ruwa, yadda girbi zai faɗo a makonnin da tsuntsun ya yi ƙaura ko yake da wadatar ƙwayar daji. A girbe da wuri, kada a bar hatsi tsaye bayan ya nuna. Clive Elliott ya gwada dabarar lokacin girbi a gonakin shinkafa na ban-ruwa a Chadi da Kamaru, ya wallafa sakamakon a 1979, inda ya nuna ana iya kauce wa ɓarna ta wannan hanya.

Littafin da Richard Bruggers da Elliott suka shirya a 1989 kan jan-baki, wanda ya zama madogarar masu wannan aiki, ya ginu sosai a kan tubalin Ward. A 2007 kuma Robert Cheke na jami'ar Greenwich, tare da Jon Venn da Peter Jones, suka mayar da tsarin ruwan sama da ƙaura zuwa na'urar hasashe mai amfani da bayanan tauraron ɗan'adam, domin nuna wuraren da tsuntsun zai iya haihuwa a kudancin Afirka.

Yadda abin ya shafi Sudan

Dawa ce babban abincin Sudan, daga ita ake yin kisra da asida. Ana noma ta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka ta tsakiya da gabas: gonakin Jazira da suka fara aiki da madatsar Sennar a 1925, da manyan gonakin damina na inji a Gadarif da aka soma a shekarun 1940. Irin wannan ƙasa, mai ciyawar damina da dajin ƙaya da ruwan kwance, ita ce kamar wadda Ward ya yi aiki a kanta a Tafkin Chadi. Hausawa na cikin masu noma ta tun daga ƙarnin da ya wuce. Garin Maiurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne ya kafa shi da mabiyansa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma zuriyar mahajjata da ƴan ci-rani sun bazu a Jazira, Gadarif, Kassala da unguwannin Khartum da Umdurman.

Shekaru da dama maganin da Sudan da maƙwabtanta suka dogara da shi shi ne fenthion, wanda ake sayarwa da sunan Queletox, ana fesa shi da jirgi a makwanci da magariba. Sudan mamba ce a ƙungiyar yaƙi da farin dango ta gabashin Afirka da aka kafa a 1962, wadda jiragenta ke feshin jan-baki su ma. Matsalar gubar ita ce ba ta zaɓe. Tana kashe sauran ƙananan tsuntsayen da ke kwana a wurin, da shaho da shirwa da mujiya da suka ci waɗanda suka faɗi, tana kuma cutar da ma'aikacin da ya taɓa ta da mutumin da ya tsinci gawar tsuntsu ya kai gida.

Chadi ce ta kai ƙorafi kan wannan magani gaban Yarjejeniyar Rotterdam, wadda ta tanadi cewa kada a shigar da wasu sinadarai masu haɗari wata ƙasa sai da saninta da yardarta. A taron 2015 Sudan ta ƙi amincewa a sa shi a jerin, saboda tsoron rasa abin da take kare dawarta da shi. Sai a taron 2025 aka amince da sa nau'in feshinsa mai ƙarfi a jerin. Hakan bai haramta shi ba, amma ya ƙara matsin lamba a nemi wata hanya.

Asarar sauran tsuntsaye ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kogin Nilu ya zama hanyar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da Asiya da hunturu. A cikin Khartum kanta, kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, an keɓe dajin Sunut, dajin bagaruwa da ambaliya ke shiga, domin tsuntsaye.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya mayar da Khartum da Bahri fagen daga, ya kuma kai Wad Madani, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, a Disambar wannan shekarar. Feshin jirgi na buƙatar jirgi da mai da kuɗin waje da hanya mai aminci ga masu leƙen makwanci. Dabarun da Ward ya fifita kuwa, yawancinsu a hannun manomi da ƙungiyarsa suke.

Abin da ya rage a hannun manomi

Binciken Ward bai kawo ƙarshen ɓarnar jan-baki ba, kuma yana da iyaka. Manomin damina ba shi da ikon zaɓen ranar shuka kamar mai ban-ruwa, ruwan sama ke zaɓa masa. Ƙasar ma ta sauya tun shekarun 1960. Madatsun ruwa da noman rani na shinkafa da alkama sun samar wa tsuntsun abinci a watannin da a da yunwa ke rage shi, a fadamar Haɗejiya da Nguru kuma ciyawar kachala da ta mamaye hanyoyin ruwa ta zame masa makwanci a bakin gonaki. Haka nan ɓarnar da ba ta da yawa a lissafin ƙasa tana iya zama abincin shekara na gida guda, shi ya sa gwamnatoci ke shan matsin lamba su tura jirgi.

Duk da haka wasu darussan sun tabbata. Idan maƙwabta suka yi shuka tare, hatsinsu ya nuna tare, ɓarnar takan rarrabu, amma gonar da ta riga kowa nuna ko ta yi saura ita ke ɗaukar garken gaba ɗaya. Ciyawar da aka bari a gona da gefenta ita ke fara jawo shi. Korar da yara ke yi da majajjawa da gwangwani ta fi amfani da sassafe da yamma, lokutan da yake cin abinci. Dawa mai ɗaci ko mai gashi a kai ba ta cika burge shi ba. Kamu da raga, wanda mafarauta ke yi a kewayen Tafkin Chadi suna kai miliyoyi kasuwannin N'Djamena, kamar yadda Wim Mullié ya rubuta a 2000, yana mayar da wani kaso na asara zuwa nama da kuɗi, muddin ba a yi feshi a wurin ba.

Kai rahoton sabon dajin sheƙa ga malaman gona da wuri shi ma yana da muhimmanci. Tunda daga saƙar sheƙa zuwa tashin ƴaƴa makonni kaɗan ne, wanda ya ga maza sun fara saƙa a ƙayar da ke kusa da gonarsa zai iya ƙirga kwanakin da suka rage masa kafin ƙananan su sauko kan hatsi.